Yadda Za A Kare Zomaye Daga Ƙazwa Da Ƙuma

A gidaje da dama na Gyaɗi-Gyaɗi da sauran unguwannin Ƙaramar Hukumar Tarauni, matasa da matan aure na kiwon zomaye, wasu don sha'awa, wasu don neman na kashewa. Babbar matsalar da ke damun wannan kiwo ita ce ƙwarin da ke zama a jikin zomo, wato ƙuma da ƙwarƙwata da kaska, sai kuma ƙwayoyin da ke haddasa ƙazwa.

Ƙazwa ta fi sauran illa. Alamunta su ne yawan susa da kaɗa kai, zubewar gashi, da ɓawo mai kauri a cikin kunne ko a hanci da ƙafafu. Idan aka yi sakaci, zomo zai daina cin abinci, ya rame, har ya mutu. Wani nau'inta kan sa wa mai kiwon ƙaiƙayi.

Maganin da likitocin dabbobi suka fi amfani da shi shi ne Ivermectin, wanda aka fara sayarwa a 1981. Ana auna shi ne daidai da nauyin zomo. Allura ɗaya ba ta isa, domin ba ta kashe ƙwai. Shi ya sa ake maimaitawa bayan kwana 10 zuwa 14, yawanci har sau 3. Ƙwayar ƙazwar kunne na iya rayuwa a keji har mako 3 ba tare da zomo ba, don haka wajibi ne a ƙone tsohuwar shimfiɗa, a wanke keji, a shanya shi a rana.

Muna jan hankalin jama'a da su guji shafa wa zomo baƙin mai ko kananzir, domin yana lasar jikinsa. Maganin ƙumar karnuka mai sinadarin fipronil, kamar Frontline, yana kashe zomo. Kada kuma a ɓamɓare ɓawon kunne. Zai faɗi da kansa bayan magani.

Duk zomon da aka sayo a kasuwa, a ware shi aƙalla mako 2. Wanda aka yi wa allura kuwa, kada a yanka shi sai likita ya ba da izini.

Muna roƙon dagatai da masu unguwanni su isar da wannan saƙo. Mai neman ƙarin bayani ya tuntuɓi malaman gona na hukumar KNARDA ko asibitin dabbobi na gwamnati mafi kusa.