Ƙwayoyin Nano da Maganin Daji Mai Aiki da Haske

Akwai wata hanyar maganin ciwon daji da ba ta buƙatar wuƙa ko gashi. Ana yi wa majiyyaci allurar wani sinadari da ba ya taɓuka komai a cikin duhu, a jira ya taru a cikin ƙarin, sannan a dalle wurin da jan hasken leza. Likitoci na kiran hanyar PDT. Da sinadarin ya sha haske, sai ya miƙa ƙarfinsa ga iskar oksijin da ke cikin naman, ita kuma ta rikiɗe ta zama dafi, ta kashe ƙwayoyin cutar, ta toshe ƙananan jijiyoyin jinin da ke shayar da su. Dafin ba ya nisa, inda ya tashi nan yake ƙarewa, shi ya sa lafiyayyen nama kan tsira.

A 1900 ne Oscar Raab, wani ɗalibi a birnin Munich na Jamus, ya bayyana cewa wani rini na kashe ƙananan halittun ruwa idan haske ya taɓa su. Thomas Dougherty na cibiyar Roswell Park da ke Buffalo a Amurka shi ya farfaɗo da binciken a shekarun 1970, kuma daga aikinsa aka samu maganin Photofrin. Kanada ta amince da shi a 1993 don dajin mafitsara, Amurka ta bi sahu a 1995 don dajin bututun abinci.

Duk da haka hanyar ba ta yaɗu kamar tiyata da gashi ba. Maganin kan bazu ko'ina a jiki, har da fata, sai majiyyaci ya shafe aƙalla kwana 30 yana gudun rana, in zai fita ya rufe jiki ruf da hula da safar hannu da baƙin tabarau. Jan hasken kuma da ƙyar yake ratsa santimita ɗaya na nama, don haka sai ƙarin da ke kan fata ko wanda za a iya zura masa siririn bututun haske. Ga shi tsakiyar ƙari ba ya samun isasshiyar iska, aikin kansa kuma yana cinye 'yar wadda ta rage.

A nan ƙwayoyin nano suka shigo. Girmansu yawanci bai wuce nanomita 100 ba, alhali kaurin silin gashin mutum ya kai wajen nanomita 80,000. Ana ƙera su da maiƙo, ko zinariya, ko sinadarin da ke cikin rairayi, a cusa maganin a ciki. Dabarar ta dogara ne kan abin da Matsumura da Maeda suka bayyana a Japan a 1986: jijiyoyin jinin ƙari a gaggauce suke tsirowa, sai su zama kamar rariya, ƙwayoyin su zurara ta ramukan su maƙale a ciki, lafiyayyun jijiyoyi kuwa ba su ba su kafa. Akan kuma liƙa wa bayansu abin da ke gane ƙwayar daji ya kama ta. Cusa irin wannan magani a ƙwayoyin nano ba mafarki ba ne, domin tun a 2000 aka amince da Visudyne, magani mai aiki da haske da aka ƙunsa a ƙwayoyin maiƙo, sai dai na ciwon ido ne.

Dabarar da ta fi burgewa ita ce ta isar da haske can ciki. Akwai ƙwayoyin da ke shan wani haske da ido ba ya gani, mai tsawon zangon nanomita 980, wanda ya fi jan haske nutsewa a nama, sannan su fitar da kore ko jan haske a cikin ƙarin, su tayar da maganin da ke jikinsu. Da aka ga wannan hasken na ɗumama ruwan jiki, masu bincike suka koma gwada na nanomita 808. Wasu ƙwayoyin ma hasken ɗaukar hoton ƙashi suke mayarwa haske na gani, shi kuwa babu inda ba ya kaiwa a jiki. Matsalar iska ma an taɓa ta: wasu ƙwayoyin da guzurin oksijin suke tafiya, wasu kuma a can suke samar da ita daga sinadaran da ƙarin ya tara.

Sai dai akwai adadin da ya kamata a riƙe. A 2016 masu bincike a Jami'ar Toronto, ƙarƙashin Warren Chan, sun tattara gwaje-gwajen shekara 10 da aka yi kan dabbobi, suka tarar a tsaka-tsaki kashi 0.7 cikin 100 kacal na ƙwayoyin ke isa ƙarin. Mafi yawan sauran hanta da saifa ke tsare su, kuma daɗewar masu ƙarfe a jiki abin damuwa ne na gaske. Ramukan jijiyoyin ma sun fi bayyana a ɓeraye fiye da a mutane.

Yawancin waɗannan dabaru har yanzu a ɗakin gwaji suke, ba su isa gadon asibiti ba. Ko sun isa, a kan ƙarin da ke wuri ɗaya za su fi tasiri, domin haske ba ya bin cutar da ta riga ta watsu a jiki. Wanda ya ji kullutu ko ya ga gyambon da ya ƙi warkewa, ya garzaya asibiti tun da wuri.