Tsohuwar Zinariya Mai Siffar Dodanni: Farashi Biyu, Haɗari Biyu

A daren 25 ga Janairun 2025 wasu ɓarayi suka fasa ƙofar gidan tarihi na Drents da ke garin Assen a ƙasar Holan da abin fashewa, suka yi awon gaba da hular zinariya ta Coțofenești da mundaye uku na mutanen Dasiya, waɗanda aka aro daga Romaniya. Irin waɗannan mundaye murɗaɗɗu ne, kowane ƙarshe da kan maciji, hular kuwa a bayanta an zana halittu masu fuka-fuki da ba a taɓa ganinsu a daji ba. Satar ta ci kujerar daraktan gidan tarihin Bukares da ya ba da aron.

Ba wannan ne karo na farko ba, kuma dalilin a fili yake. Kowane irin wannan kaya yana da farashi biyu: na sikeli da na tarihi. Na sikelin ya yi tashin gwauron zabi. Oza guda ta zinariya ta haura dala 2,000 a Agustan 2020, ta kai 3,000 a Maris na 2025, ta wuce 4,000 a Oktoban shekarar. Munduwar Dasiya guda takan kai kusan kilo ɗaya. Ɓarawon da bai san komai game da tarihi ba ya san wannan lissafin.

Na tarihin kuwa siffar ce ke ɗaga shi. A dubi abin wuyan sarautar Sitiyawa da Boris Mozolevsky ya tono a Tovsta Mohyla, ƙasar Yukiren, a 1971. Nauyinsa ya ɗan haura kilo guda. A sahunsa na ƙasa ga girifin, dabba mai jikin zaki da baki da fuka-fukan gaggafa, biyu-biyu sun dirar wa doki, faratansu sun nutse a bayansa. A sahun sama kuma wasu maza biyu na ɗinka rigar fatar tunkiya hankali kwance. Masu tara kayan tarihi suna son irin wannan ne saboda ana gane asalinsa da kallo ɗaya, kamar yadda ake gane awarwaron nan mai kawunan girifin na taskar Oxus da ke Landan.

A nan ne abin ya juya. Siffar da ta sa kayan tsada ita ce ke hana ɓarawo sayar da shi, domin duk dillali ya san hotonsa. Sai ya koma ga tukunyar narkarwa. Bayan an sace tsabar zinariyar Seltawa 483 a Manching ta Jamus a 2022, abin da 'yan sanda suka samu a hannun ɗaya daga cikin waɗanda aka kama dunƙulen zinariya 18 ne. A ganina wannan ita ce asarar da ta fi muni, don abin da ya shiga taskar wani attajiri watarana yakan fito gwanjo, wanda ya narke kuwa ya tafi ke nan.

Bukatar masu saye ta haifi wasu sana'o'i biyu. Ta farko haƙar sata: a ƙarshen shekarun 1990 masu na'urar gano ƙarfe suka yashe kangon Sarmizegetusa na mutanen Dasiya, kuma sai da Romaniya ta shafe shekaru tana shari'a da biyan kuɗi kafin ta dawo da mundaye 13. Ta biyu jabu, tsohuwar sana'a ce. A 1896 gidan tarihin Louvre ya biya faran 200,000 ya sayi kambin wani sarkin Sitiyawa, sai a 1903 wani maƙerin zinariya na Odesa, Israel Rouchomovsky, ya zo Faris ya nuna cewa aikin hannunsa ne.

Mai kallo na yau da kullum shi ma yana biya. Kuɗin inshora da na tsaro suna ƙaruwa, ƙasashen da suka mallaki kayan suna ɗari-ɗari da ba da aro. Zinariyar Kirimiya da aka kai baje koli Amsterdam a 2014 ta maƙale a can saboda rikicin Rasha da Yukiren, ba ta isa Kiyef ba sai a Nuwamban 2023, bayan hukuncin kotun ƙolin Holan.