Wane Dabo ne Kakanmu?

Da muka buɗe gafakar kakanmu bayan addu'ar bakwai, a gidanmu na 'Yankwashi, sai ga wata takarda da ajami, gara ta ci gefenta. Jerin sunaye ne, wane ɗan wane, har aka dire a kan Dabo. Nan take Baffa ya gyara zaman hula.

"Ban faɗa muku ba? Jinin sarautar Kano ne mu!"

Ibrahim Dabo yake nufi, Basulluɓen da ya mulki Kano daga 1819 zuwa 1846, wanda sarakunan Kano na bayansa duk tsatsonsa ne. Sai dai ni ban taɓa jin an kira mu Sulluɓawa ba, ko a bakin maroƙa, su da ba sa barin irin wannan ganima ta wuce su.

Wani ƙanina ya kawo tasa: ƙasar Kazaure muke, ƙila Dambo aka so rubutawa, ɗan Ɗantunku, wanda ya gaji mahaifinsa a sarautar Kazaure. Muka kai wa liman takardar. Ya matsa bakin zaure inda haske yake, ya bi baƙaƙen da ɗan yatsa.

"Babu mimun a nan, babu nunun. Dabo ne."

Dambo ya fita ke nan.

Inna ce ta warware mana, tana ɓarar gyaɗa, ba ta ko kalli takardar ba. Ta ce da aka kawo ta gidan tana amarya, surukinta ba ya zuwa Kazaure gaisuwar Sallah. Babura yake tafiya, inda aka haife shi, wata shekarar ya zarce Dambatta.

Dambatta kuwa mazaunin Sarkin Bai ne, sarautar Dambazawa. Kakansu Malam Dabo Dambazau yana cikin jagororin jihadi a Kano, zamani ɗaya da Ibrahim Dabo. Ashe Dabo biyu ne! Babura ma ƙasar Kano ce har 1991, lokacin da aka ƙirƙiri Jigawa ta koma masarautar Ringim. Muka sake duba gefen da gara ta ci: kusa da sunan, "Sarkin" ya tsira, da wani "ba" guda.

Manyan gidajen Koriya sun daɗe da maganin irin wannan ruɗani. A littafin asalinsu, jokbo, suna ba ya tafiya sai da garin tushe, don haka Kim na Andong daban, Kim na Gimhae daban. Namu marubucin ya ɗauka kowa ya sani.

Baffa ya yi shiru, sannan ya tambaya ko Sarkin Bai yana sarautar Kano.

"Ba ya yi, Baffa," na ce. "Amma yana cikin huɗun da ke zaɓen sarki, shi da Madaki da Makama da Sarkin Dawaki Mai Tuta."

Ya ce a ba shi takardar, gobe zai kai ta Kazaure a yi mata hoto.