Mahaɗar wayoyin rediyon mota

Mahaɗar wayoyin rediyon mota wani ɗan filogin roba ne mai ramuka da yawa da ake soka shi a bayan rediyon mota. Ta cikinsa wuta ke shiga rediyon daga batir, kuma ta cikinsa sauti ke fita zuwa sifiku. Rediyon da aka saya a kasuwa aka maye na kamfani da shi yakan zo da mahaɗa biyu: ɗaya na shiga jikin rediyon, ɗayan kuma na haɗuwa da wayoyin motar. Idan mahaɗar ta fashe ko ta narke, rediyon zai riƙa ɗaukewa ko ya mutu gaba ɗaya alhali lafiyarsa ƙalau, kuma mutane da dama kan sayi sabo saboda wannan ɗan abin da kuɗinsa bai taka kara ya karya ba.

Ƙa'idar ISO 10487

Hukumar daidaita ma'auni ta duniya, wato ISO, ta fitar da ƙa'ida mai lamba 10487 domin mahaɗar rediyon ƙananan motoci. Kafin ita akwai ISO 7736, wadda ta tsayar da girman fuskar rediyon a milimita 180 a faɗi da 50 a tsayi, girman da ake kira DIN ɗaya. DIN biyu kuwa tsayinsa milimita 100 ne.

Mahaɗar ISO ta kasu gida uku. Gidan A na wuta ne, yana da ramuka takwas, galibi baƙi ne. Gidan B na sifiku ne, shi ma ramuka takwas, yawanci ruwan ƙasa. Gidan C mai ramuka ashirin ba dole ba ne, ana amfani da shi wajen ƙarin na'urori irin su amfilifaya.

A gidan A, rami na 4 shi ne wutar batir mai volt 12 da ba ta yankewa, na 7 wutar da ke zuwa idan an murɗa makulli, na 8 kuma wayar da ke komawa jikin ƙarfen mota. Na 5 yana tayar da eriya mai amfani da wuta, na 6 yana bin fitilun dashbod. A gidan B kowace sifika tana da ramuka biyu: 1 da 2 na bayan dama, 3 da 4 gaban dama, 5 da 6 gaban hagu, 7 da 8 bayan hagu.

Motocin Turai ne suka fi bin wannan tsari, don haka ana yawan ganinsa a tsofaffin motocin da ake shigowa da su Afirka ta Yamma daga can, waɗanda ake ce wa 'yan Beljiyam ko 'yan Kwatano. Toyota, Honda da Nissan kowanne yana da irin tasa mahaɗar, sai an sa waya mai kai biyu a tsakani.

Launin wayoyi

Masu ƙera rediyon kasuwa irin su Pioneer, Sony, Kenwood, JVC da Alpine suna bin launi kusan iri ɗaya. Ruwan ɗorawa wutar batir ce, ja wutar makulli, baƙa ta jikin mota, shuɗiya ko shuɗiya mai farin layi ta eriya da amfilifaya, ruwan lemo ta fitila. Na sifiku kuwa: fara gaban hagu, ruwan toka gaban dama, koriya bayan hagu, shunayya bayan dama. Kowace tana da abokiyarta mai baƙin layi a jiki, ita ce mara caji.

Wannan launi na ɓangaren rediyo ne kawai. Wayoyin da ke fitowa daga cikin mota suna da launin da kamfanin motar ya ga dama. A Volkswagen, misali, wayar jikin mota ruwan ƙasa ce. Haka nan yawancin waɗannan rediyoyi suna da soket mai ƙafa 16 a baya, amma jerin ƙafafun ya bambanta daga kamfani zuwa kamfani. Filogi zai iya shiga daram ya kuma ƙona rediyon, don haka ana sayen sabuwar mahaɗa ne da lambar rediyon da ke rubuce a jikinsa, kama da ido ba ta isa ba.

Abin da ke lalata ta

Mafi yawan lalacewar daga fizgar waya take, lokacin da aka ciro rediyo ba a danna ɗan harshen da ke kulle filogin ba. Zafin rana a cikin dashbod yana busar da robar har ta riƙa tsagewa. Ƙafar da ta yi sako-sako kuma tana ɗaukar zafi duk lokacin da wuta ta bi ta kanta, har robar da ke kewaye da ita ta narke, kuma an fi ganin haka a ramin wutar batir da na jikin mota. Alamomin su ne rediyo ya mutu idan mota ta faɗa rami, sifika ɗaya ta yi shiru, ko a ji ƙaurin roba.

Yadda ake sauya ta

Da farko ana cire kan batir mara caji. Idan ƙafa ɗaya ce kawai ta lalace, ana iya zaro ta da siririn ƙarfe a danne ɗan haƙorin da ke riƙe ta, a sa wata. Idan robar ta narke, sai dai a sauya mahaɗar duka.

Masu rewaya da suka ƙware ba sa yanke wayoyin gaba ɗaya a lokaci guda. Ana yanke ɗaya, a haɗa ta da takwararta a sabuwar mahaɗa, sannan a koma ta gaba, domin kada a rikice. Haɗin da ya fi ƙarko shi ne a liƙe da dalma a rufe da robar da ke tsukewa idan ta ji zafi, ko a matse da ɗan bututun ƙarfe da filayar da aka yi don haka. Murɗe waya da hannu a naɗe da salatif shi ya fi yawa a garejin gefen hanya domin ya fi sauri, amma gam ɗin yana saki idan ya sha zafi, tsirarar waya ta taɓa ƙarfe. Duk wayar da ba a yi amfani da ita ba, ana rufe bakinta ita kaɗai.

Inda aka riga aka datse filogin motar, sai an gano aikin kowace waya da mita bayan an mayar da batir. Wadda ta nuna volt 12 ko da makulli a kashe ita ce ta batir. Wadda ta nuna sai an murɗa makulli ita ce ta makulli. Ana gano wayoyin sifika da ƙaramin batir mai volt 1.5: idan aka taɓa shi da waya biyu na sifika ɗaya za a ji ɗan ƙara daga gare ta. Ba a yin wannan gwaji a kan wayar da ba a san inda ta nufa ba, musamman masu riga ko filogi ruwan ɗorawa, domin su ne na jakar iska, kuma tana iya fashewa.

Kurakuran da aka fi yi

Babban tarko shi ne ja da ruwan ɗorawa. Wasu motocin Volkswagen, Audi da Opel sun juya rami na 4 da na 7. Idan aka soka filogin haka, rediyon zai yi aiki, amma duk lokacin da aka kashe mota sai ya manta tashoshi da agogo. Saboda haka ne yawancin mahaɗan ISO na kasuwa ke zuwa da 'yan mahaɗai a tsakiyar waɗannan wayoyi biyu, a cire a musanya su ba tare da yanka ba. Wasu kan haɗe su biyun a kan wutar batir don su huta. Rediyon ba zai mutu da makulli ba, kuma idan mota ta kwana biyu a ajiye batir na iya sauka.

Kuskure na biyu shi ne haɗa wayar sifika mara caji da jikin mota, ko haɗe ta sifiku biyu wuri ɗaya. A rediyoyin zamani duka wayoyin biyu suna ɗauke da sauti daga amfilifayar ciki, taɓa ƙarfe kuwa yana iya ƙona ta. Idan aka juya wayoyin sifika ɗaya babu abin da zai ƙone, sai dai amon ƙasa ya ragu. Fis ɗin da ke bayan rediyo yawanci amfiya 10 ne; idan ya ƙone ana sa daidai shi, ba a ɗaura zaren waya a madadinsa.

Sababbin motoci

Tun daga farkon shekarun 2000 kamfanoni irin su BMW, Volkswagen, Mercedes-Benz da Ford suka koma wata babbar mahaɗa mai suna Quadlock, mai ƙafa 40 da ɗan hannun kullewa. A da yawa daga cikin waɗannan motoci babu wayar makulli ko kaɗan, domin kwamfutar motar ce ke aika wa rediyo umarnin kunnawa ta layin sadarwa da ake kira CAN. Wanda zai sa rediyon kasuwa a irinsu yana buƙatar ɗan akwatin da ke karanta wannan umarni ya fitar da wutar jar waya, kuma shi ne ke sa maɓallan sitiyari su ci gaba da aiki.