Darajar Ƙaramin Jirgin Sama a Kasuwar Kayan Hannu

Duk wanda ya taɓa sayen sabuwar mota ya san cewa tun ranar da ta bar hannun mai sayarwa darajarta take fara zubewa, kuma idan ta kai shekara ashirin a kan hanya, galibi abin da ya rage mata bai wuce kuɗin ƙarfenta da 'yan kayan da za a kwance ba. Ƙaramin jirgin sama mai inji ɗaya da farfela, irin wanda yake ɗaukar mutum biyu zuwa shida, bai bi wannan ƙa'ida ba. A ƙasar Amurka, inda mafi yawan irin waɗannan jirage suke, ana cinikin jirgin da ya ba shekara arba'in baya a kan kuɗin da ya zarce wanda aka saye shi yana sabo. Jirgin da ya fi dacewa a auna wannan magana da shi shi ne Cessna 172, mai kujera huɗu, wanda aka fara sayarwa a shekarar 1956 a kan dala 8,995, aka kuma ƙera fiye da 44,000 daga wancan lokaci zuwa yau, adadin da babu wani jirgi a duniya da ya kai shi. Sabonsa a 'yan shekarun nan ya haye dala 400,000. A tsakanin waɗannan farashi biyu ne kasuwar tsofaffin jirage take zaune.

Ba za a fahimci wannan kasuwa ba sai an koma ga abin da ya auka wa masana'antar tsakanin 1978 da 1994. A 1978 kamfanonin Amurka sun fitar da jiragen da ba na soja ko na manyan kamfanonin sufuri ba har 17,811. Zuwa 1994 adadin ya sauko 928. Dalilai da dama ne suka haɗu: tsadar mai, da hauhawar kuɗin ruwa a bankuna a farkon shekarun 1980, da kuma cewa jiragen da aka riga aka sayar ba su tsufa da wuri, saboda haka kowane sabon jirgi yana gasa ne da 'yan'uwansa na bara da na bara waccan. Amma abin da masu kamfanonin suka fi kuka da shi shi ne shari'o'in neman diyya. A wancan zamani, idan jirgin da aka ƙera shekara talatin da suka wuce ya faɗi, iyalan mamatan suna iya gurfanar da kamfanin da ya ƙera shi, ko da jirgin ya ratsa hannun mutum goma a tsakani. Watau duk jirgin da kamfani ya taɓa sayarwa ya zame masa bashin da ba ya biyuwa, kuɗin inshora da na lauyoyi kuwa a kan sabon jirgi ake ɗora su. A 1986 kamfanin Cessna ya dakatar da ƙera ƙananan jiragensa masu shan fetur baki ɗaya. Kamfanin Piper, babban abokin gasarsa, ya nemi kotu ta kare shi daga masu binsa bashi a 1991, bai farfaɗo ba sai 1995.

Majalisar dokokin Amurka ta sa baki a 1994, inda ta zartar da dokar da ta kange ƙarar kamfani a kan ƙaramin jirgi ko wani sashe nasa idan ya cika shekara 18 da barin hannun maƙeransa, in ban da wasu 'yan keɓantattun halaye. Shugaba Bill Clinton ya rattaba mata hannu a watan Agusta na wannan shekara. Cessna ya gina sabuwar masana'anta a garin Independence na jihar Kansas, sababbin 172 kuma suka fara isa hannun masu saye a 1997. To, amma kasuwa ba ta koma yadda take ba. Sababbin jiragen sun fito da tsada, kuma ba a sake kusantar adadin 1978 ba. Sakamakon haka, galibin ƙananan jiragen da suke shawagi a Amurka yau an ƙera su ne a shekarun 1960 da 1970. Makarantun koyon tuƙi da manoma da likitoci da sauran masu sha'awa duk a kan wannan tsohon garke suke rububi, shi kuwa garken raguwa yake yi kowace shekara ta hanyar haɗari da tsatsa da guguwa. Abin da ake nema da yawa, alhali ba a ƙera madadinsa a kan kuɗin da mai matsakaicin hali zai iya, dole ne darajarsa ta tsaya.

Wannan shi ne dalilin da ya ɗaga kasuwar gaba ɗayanta. Abin da yake raba jirgi da jirgi kuwa, ko da samfurinsu ɗaya shekararsu ɗaya, inji ne yake kan gaba. Kowane kamfanin inji yana ƙayyade yawan sa'o'in aikin da ya kamata a yi kafin a sauke injin a yi masa cikakken garambawul. Injin Lycoming O-320 da aka ɗora wa 172 daga 1968 an yanka masa sa'a 2,000, shi kuwa Continental O-300 mai silinda shida na jiragen farko sa'a 1,800. Garambawul ɗin babban kashe kuɗi ne, a tsohon jirgi yana iya cin kaso mai tsoka na darajar jirgin dukansa. Saboda haka dillalai suke lissafa injin tamkar rumbun hatsi da ake ɗiba kullum. Alal misali, a ɗauka cewa garambawul zai ci dala 30,000 a injin sa'a 2,000. Kowace sa'a ta tashi ke nan tana cinye dala 15 daga darajar injin. Idan aka jera jirage biyu, ɗaya ya yi sa'a 300 bayan garambawul, ɗayan ya yi 1,800, to akwai tazarar dala 22,500 a tsakaninsu tun ba a buɗe ƙofa an leƙa ciki ba. Littattafan farashi da bankuna da kamfanonin inshora suke dogara da su, irin su Aircraft Bluebook da Vref, suna kafa farashinsu ne a kan injin da ya ci rabin wa'adinsa, sa'an nan a ƙara ko a rage gwargwadon sa'o'in da suka saura.

Akwai wani abin lura a nan. Dokar Amurka ba ta tilasta wa mai jirgin kansa, wanda ba haya yake yi ba, ya sauke inji don kawai ya cika wa'adi, kuma injuna da yawa suna zarce shi lafiya lau muddin ana duba su. Amma kasuwa ba ta sauraren wannan hujja, injin da ya cika sa'o'insa a wurin mai saye ya ƙare. A ɗaya ɓangaren, ƙarancin sa'o'i ma yana ruɗar baƙon ciniki. Injin da aka yi wa garambawul shekara goma sha biyar da suka wuce, aka tashi da shi sa'a 200 kacal, ya fi zama abin tsoro a kan wanda yake aiki kowane mako, domin idan inji ya daɗe a ajiye mai yakan tsiyaye daga sassansa na ciki, laima ta shiga, tsatsa ta kama. Shi ya sa Lycoming ya haɗa wa'adin sa'o'i da na shekaru, ya ce a yi garambawul a shekara ta 12 ko da sa'o'in ba su cika ba. Haka kuma akwai injin da sunansa ya ɓaci, kamar O-320-H2AD na 172 ɗin 1977 zuwa 1980, wanda ya yi fama da cinyewar wasu sassa a farkon fitowarsa. An samo maganin matsalar tun tuni, amma har yanzu mai saye yakan yi ta tambaya a kansa.

Bayan inji sai takardu, kuma a nan ne cinikin jirgi ya fi nisa da cinikin mota. Kowane jirgi yana da kundin gangar jikinsa, da na injinsa, da na farfelarsa, inda makaniki mai lasisi yake rubuta duk abin da aka taɓa, ya sa hannu. Doka ta wajabta cikakken bincike sau ɗaya a shekara, jirgin da ake ɗaukar fasinja ko koyar da tuƙi da shi don kuɗi kuma ana ƙara masa wani bayan kowace sa'a 100. Waɗannan kundaye su ne shaidar cewa sa'o'in da mai sayarwa ya faɗa gaskiya ne. Idan wani sashe nasu ya ɓata, farashi yakan faɗi sosai ko da jirgin yana ƙyalli, don babu mai iya rantsewa a kan abin da ya faru a shekarun da suka salwanta. Tarihin haɗari ma yana rage kuɗi, sai dai gyaran da aka yi shekara talatin da suka wuce, aka rubuta shi dalla-dalla, jirgin kuma ya yi dubban sa'o'i bayansa, bai kai sabon gyara tayar da hankali ba.

Abin da ya faru da jiragen Piper ya nuna yadda takarda take komawa kuɗi. Ran 4 ga Afrilu 2018 fiffiken wani jirgin koyo samfurin PA-28R ya ɓalle jim kaɗan bayan tashinsa a Daytona Beach ta jihar Fulorida, mutum biyu da ke ciki suka rasu. Bincike ya gano tsagewa a ƙashin fiffiken, daidai ramukan da ƙusoshi suke riƙe shi, saboda gajiyar ƙarfe. Hukumar kula da sufurin sama ta Amurka, FAA, ta fitar da umarnin tilas wanda ya fara aiki a watan Fabrairu 2021, cewa a binciki wannan wuri da na'ura a wasu samfuran Piper masu yawa. An tsara yadda za a lissafa jirgin da abin ya shafa bisa yawan aikin wahala da kundinsa ya nuna ya yi, wanda kuwa kundinsa bai cika ba, sai a sa shi cikin waɗanda za a bincika. Umarni guda irin wannan yana iya sauya darajar dubban jirage, domin mai saye zai cire kuɗin binciken, ya kuma yi tunanin abin da zai biyo baya idan an sami tsagewa.

Tsatsar gangar jiki tana bin wurin zama. Jirgin da ya yi rayuwarsa cikin rumfa a busasshiyar jiha kamar Arizona ya fi wanda aka ɗaure a fili kusa da teku, inda gishiri yake cin alminiyom ta cikin fikafikai ba tare da an gani daga waje ba. Fenti da kujeru suna jan ido, suna saurin kawo mai saye, amma tasirinsu a kan farashi bai kai na abubuwan da aka ambata ba. Na'urorin tuƙi kuwa suna da wata ɗabi'a mai ban haushi ga mai jirgi: yakan kashe kuɗi mai yawa ya sa sababbi, ranar sayarwa kuma da wuya ya mayar da abin da ya kashe, amma idan bai sa ba jirgin ya daɗe a kasuwa. Tun daga 1 ga Janairu 2020 ba a shiga sararin manyan filayen jiragen Amurka sai da na'urar ADS-B mai sanar da inda jirgi yake, don haka wanda ba shi da ita ana cire kuɗinta daga farashinsa. Jiragen Cirrus suna da nasu lissafin, don laimar ceton da take sauko da jirgin dungum ana sake naɗe ta duk shekara 10, mai saye kuma yakan ƙirga shekarun da suka rage mata kamar yadda yake ƙirga sa'o'in inji.

Har ila yau, jirgi yana riƙe daraja ne gwargwadon sauƙin samun kayan gyaransa da makanikin da ya san shi. Bonanza na kamfanin Beechcraft, wanda ya fito tun 1947, da 172 da PA-28, kowane ƙaramin filin jirgi akwai wanda ya iya su. Cessna 162 kuwa, mai kujera biyu, wanda aka daina ƙerawa a 2013 bayan 'yan ɗaruruwa kawai, har aka farfasa ragowar da ba a sayar ba a 2016, ya zama maraya duk da ƙuruciyarsa da sunan gidan da ya fito.

Kada dai a ɗauka cewa sayen ƙaramin jirgi hanyar ajiyar dukiya ce. Wanda ya sayi jirgi a 1975 ya sayar a yau a kan ninkin kuɗin ba lalle ne ya ci riba ba, don dalar yau ba ta kai kashi ɗaya bisa biyar na ƙarfin dalar 1975 ba. Sa'an nan kowace shekara ya biya inshora da hayar rumfa da kuɗin binciken shekara, ko ya tashi ko bai tashi ba. Iyakar abin da za a ce shi ne tsohon jirgin da aka kula da shi yana mayar da babban kaso na kuɗin sayensa, ɗawainiyarsa kuwa ta tafi ke nan. Kasuwar ma tana hawa da sauka: farashi ya faɗi bayan rikicin tattalin arziki na 2008, ya yi tashin gwauron zabo tsakanin 2020 da 2022, lokacin da annobar korona ta sa masu hali gudun jiragen fasinja, makarantun tuƙi kuma suka cika da ɗalibai.

Babbar ayar tambayar da take rataye a kan wannan tsohon garke ita ce mai. Mafi yawan waɗannan injuna suna shan wani fetur na musamman da ake kira 100LL, wanda yake ɗauke da dalma. A watan Oktoba 2023 hukumar kare muhalli ta Amurka ta yanke cewa hayaƙin dalmar jirage yana cutar da lafiyar jama'a, kuma tun 2022 FAA da masana'antar suka sa ƙarshen 2030 a matsayin lokacin da suke son rabuwa da shi. A watan Satumba 2022 an amince da wani fetur marar dalma mai suna G100UL, ko da yake yaɗuwarsa a filaye tana tafiyar hawainiya. Ƙananan injuna irin na 172 da yawansu suna iya aiki da man da bai kai 100LL ƙarfi ba, manyan injuna masu matsi sosai kuwa ba su da wannan sauƙi, saboda haka darajar jiragen da suke ɗauke da su ta fi dogara ga yadda wannan canji zai kaya. A ƙasashen da shi kansa 100LL yake wuyar samu, kamar na Afirka ta Yamma, an daɗe da sanin tasirin mai a kan zaɓin jirgi. Kwalejin horar da ma'aikatan jiragen sama ta Zariya, wadda aka kafa a 1964, da ta tashi sabunta jiragen koyonta sai ta ɗauki samfurin Diamond na ƙasar Ostiriya, masu injin da yake shan man da manyan jiragen fasinja suke sha, wanda ake samu a kowane babban filin jirgi.