Me ya sa hatsi yake jimre wa zafi da fari?

Duk manomi ya san wannan. In ruwa ya ɗauke kwana 15 a tsakiyar damana, masara sai ta kwanta. Hatsi kuwa ya naɗe ganye ya yi ta jira. Ran da hadari ya sauko sai ya miƙe. Masu binciken aikin gona sun daɗe suna neman dalili, kuma sun gano abubuwa da dama.

Ganye ne ke dafa wa shuka abinci. Saiwa tana jawo ruwa daga ƙasa. Ganye yana shaƙar iska ta waɗansu ƴan ƙofofi da ido ba ya gani. Hasken rana shi ne wutar dahuwa. Abin da aka dafa sukari ne, shi ke zama kara, shi ke cika zangarniya. To, ga matsala: ƙofar da iska ke shiga, ta nan ruwan jikin shuka ke fita. In ta buɗe da yawa ta bushe, in ta rufe ta kwana da yunwa.

Shinkafa da alkama suna shan wuya a nan. Hatsi yana da dabara wadda masana ke kira C4. Iskar da ya shaƙa yakan tara ta a waɗansu ƴan ɗakuna kewaye da jijiyoyin ganye, kamar yadda ake tara damma a rumbu. Saboda haka ko ya buɗe ƙofa kaɗan, dahuwa ba ta tsayawa, ruwa kuma bai ɓace da yawa ba. Dawa da masara da rake su ma suna da wannan dabara. Amma hatsi ya ƙara da saiwa mai saurin nutsewa cikin rairayi tun yana ƙarami.

Duk wannan gado ne. Cikin kowace ƙwayar iri akwai umarnin da uwa ke bar wa ɗa, masana suna ce musu ƙwayoyin gado. A shekarar 2017 masanan ICRISAT, masu tashar bincike a Sadore kudu da Yamai, tare da na Faransa da Sin da waɗansu ƙasashe, suka karanta gadon hatsi. Sun ƙidaya ƙwayoyin gado fiye da 38,000. Sun tarar masu yin kakin da ke rufe ganye da kara suna da yawa ƙwarai. Ana kyautata zaton wannan kaki yana tsare ruwa, yana kuma rage zafi. Hatsi yana iya yin ido ko da zafi ya kai digiri 42, inda shinkafa sai ta yi ƙaiƙayi.

Labarin da ya fi shafar manoman Nijar shi ne wannan. An tattara irin hatsi daga ƙauyukan ƙasar a 1976. Aka koma ƙauyukan a 2003 aka sake tattarawa, bayan farin 1984 da shekarun ƙarancin ruwa. Da aka shuka su gefe da gefe, sai aka ga na 2003 ya riga fid da kai, zangarniyarsa kuma ta ɗan fi gajarta. Akwai wata ƙwayar gado mai suna PHYC, wadda shuka ke gane haske da ita. Nau'inta mai sa saurin nuna ya kusan ninka yawansa cikin shekara 27. Sunayen iri ba su sake sosai ba. Gajeriyar damana ce ta tace shi, tare da hannun manomi mai ware zangarniyar da ta cika ya ajiye.

Wato irin da ke cikin rumbu dukiya ce da ta san ƙasarta. Wanda yunwa ta sa ya cinye irinsa, ya sayi na kasuwa da bai san asalinsa ba, ya yi babbar hasara. A zaɓi iri tun a gona, daga gindi mai lafiya, nesa da shibra, don shibra tana ɓata iri.

Inda damana ke da gajarta, akwai iri mai sauri kamar HKP, da Chakti wanda aka fito da shi a Nijar a 2018. Ana iya tambayar malamin gona ko tashar INRAN ta Tarna a Maradi. Sai dai hatsin da ya riga na kowa nuna, shi tsuntsaye ke fara sauka a kai. Ya fi kyau maƙwabtan gona su yi shawara su shuka shi tare.