Wutar lantarki daga madubi: nawa za ta tsaya?

Ƴan'uwa manoma, kun san yara na kama rana da gilashin tabarau har su toye ƙyalle. To, haka wannan aiki yake. Ana jera dubban madubai a fili, suna bin rana, suna tara zafinta wuri guda. Zafin ya tafasa ruwa, tururi ya juya inji, inji ya ba da kuran. Marigayi Farfesa Abdou Moumouni ya daɗe yana binciken ƙarfin rana a ma'aikatar ONERSOL ta Yamai.

Amfaninta babba shi ne ajiya. Ana narka wani gishiri, ba na miya ba, dangin takin zamani ne, a zuba cikin manyan tankuna. Yana riƙe zafi har bayan faɗuwar rana. Tashar Noor 1 da aka buɗe a Warzazat ta ƙasar Maroko a 2016 tana ƙara awa 3 da dare.

Sai maganar kuɗi. Ma'aunin kuran shi ne kilowat na awa guda, wato abin da ƙwan fitila mai wat 100 ke sha cikin awa 10. A 2010 ma'auni guda na wutar madubi ya kai kimanin tamma 200 a kuɗinmu. A 2020 ya sauko wajen tamma 60. A 2017 Dubai ta ƙulla ciniki kan kimanin tamma 40. Ma'aikatar makamashi ta Amurka ta sa burin saukar da shi wajen tamma 30 zuwa 2030. Ku lura, buri ne, ba farashin kasuwa ba.

Kuma ba kowane wuri zai samu wannan sauƙi ba. Kusan duk kuɗin ana kashe su ne tun wajen gini, da bashi, kuma ruwan bashi ya fi yi wa ƙasashe matalauta nauyi. Ga ƙurar hunturu mai dushe rana. Madubi kuma sai da wanki, wanki sai da ruwa.

Faifan rana ya fi ta araha nesa, shi ne ma aka kafa a Malbaza a 2018 da Goru Banda a 2023. In famfon garkarku kuke son tayarwa, faifai za ku nema. Tashar madubi aikin gwamnati ne, ba ta biyan kuɗinta sai ta yi girman da za ta ciyar da birni.